Zaren da ke Bakin Zalman

Duk wanda ya taɓa kai kekensa gyara shagon Zalman Rotblat a unguwar Elsternwick ta birnin Melbourne ya san shi da abu biyu: cinyoyin da har ya tsufa ba su shiga wandon kanti ba, da guntun farin zaren da ba ya rabuwa da gefen bakinsa. Yana ɗaure noti yana tauna, yana hura taya yana tauna. Masu kawo gyara sukan ɗauka sigari ya bari, yake rage zafi da zare. Bai taɓa shan sigari ba. Mu da muka san ubansa mun san inda zaren ya samo asali.

Uban tela ne, sunansa Motl. Ya sauka daga jirgin ruwa a Melbourne shekara huɗu bayan yaƙin duniya na biyu, daga shi sai matarsa Bluma, sai almakashi, sai wata takarda mai cewa mai ɗauke da ita ba ɗan kowace ƙasa ba ne. A garin Lodz na Poland aka haife shi, su bakwai a ɗakinsu, shi kaɗai ya yi saura. Wannan ba daga bakinsa muka ji ba, don ba ya zancen. Ranar da Ostareliya ta ba shi takardar zama ɗan ƙasa ya sa ta a gilashi, ya rataye ta saitin keken ɗinkinsa, kullum da safe sai ya goge ta da ƙyalle kafin ya zare allura.

Motl ɗan Bund ne, tsohuwar ƙungiyar nan ta ma'aikatan Yahudawa da suka taho da ita daga Poland. Aƙidarsu gajeriya ce: inda kake zaune kana cin guminka, nan ce ƙasarka. Ran Lahadi a gidan abincin titin Acland za ka same shi yana buga tebur da masu cewa kowa ya tattara ya koma Isra'ila, har miyar kazarsa ta huce bai kai cokali baki ba. Majami'arsu ta Yahudawa ba ya zuwa. Ran Asabar da aka hana Bayahude taɓa allura, ranar ya fi ɗinki. Amma wannan mutumin da yake cika bakin bai yarda da camfi ba, akwai camfi guda da ya riƙe hannu biyu: ko maɓalli ba ya ɗinkawa a jikin mutum sai ya ba shi zare ya tauna. Gawa kaɗai ake ɗinka wa tufa a jiki tana kwance shiru. Mai rai dole ya motsa baki, don in Mala'ikan mutuwa ya leƙo ya ga ba nasa ba ne tukuna. Sai ya gama, ya datse zare da haƙori, sannan ya ce, "To, tofar." In abokansa suka tsokane shi sai ya ɗaga kafaɗa. "Ni ban yarda ba. Uwata ce ta yarda, ni kuwa ba na musu da ita."

Zalman ne ɗansu tilo. Yana da sha huɗu ya fara hawa da'irar siminti ta tseren kekuna, ya kuma zaɓi tseren da ya fi kowane gajarta da mugunta. Mutum biyu ne kawai, zagaye uku. Biyun farko rarrafe ake yi, kowa na satar kallon ɗan'uwansa ta kafaɗa, ba mai son shiga gaba, wani lokaci ma su tsaya cak a kan kekuna kamar an dasa su. Sai a mita ɗari biyun ƙarshe wuta ta tashi. Keken ba shi da birki, ƙafafu kuma a ɗaure suke tamau a jikin feda, don haka a bakin layi mai tsere ba ya iya tsayuwa da kansa. Sai wani ya riƙe masa sirdi ta baya, in an busa ya sake shi.

Shekara goma sha huɗu Motl ne mai riƙon. Yakan zo cikin kwat da malafa kamar mai zuwa ɗaurin aure, ya tsaya tsakanin ƙartin masu horarwa, kansa bai kai kafaɗarsu ba. Ɗan ƙarfen nan da tela ke sawa a yatsa ba ya cire shi, shi ya sa kafin Zalman ya ji hannu yakan ji ƙas a ƙarfen ƙarƙashin sirdi. Sauran masu riƙo suna ta zuba wa nasu dabaru a kunne. Motl bai san dabarar komai ba. Abin da yake cewa kalma biyu ne, "Ina nan." Da Zalman ya ji su numfashinsa yake daidaita.

Ranar da aka ba shi rigar ƙasa, koriya da ruwan zinariya, Motl ya rufe shago da rana tsaka. Ya tsayar da shi a tsakar falo, ya sa masa zare a baki, ya zagaye shi da alli da allura har rigar ta kwanta kamar fata.

"Tate, tana matse ni," Zalman ya ce ta gefen baki. Haka yake kiran uban, da harshensu na Yidish.

"Tauna, ka yi mini shiru. Iska za ka ba masauki a hammata?"

Bluma tana tsaye bakin kicin tana share ido da gefen rigar girki. Shi kansa telan sau biyu ya kasa zura zare a allura, ya ce hasken ɗakin ne ba kyau.

To, sai dai Allah ya haɗa Zalman zamani da Terry Doolan, wani mai jan gashi ɗan mahauci, mai fara'a kamar ba shi ne bala'in rayuwar wani ba. A babbar gasar duniya da ake yi duk shekara huɗu, kowace ƙasa mutum ɗaya take kaiwa a wannan tsere. Zalman ya fi kowa a ƙasar, ban da Terry. Ba da nisa ba ne ma, da ya fi sauƙin haɗiya. Faɗin taya ne, wani lokaci rabinsa. Sau biyu aka yi zaɓe, sau biyu Terry ya hau jirgin sama, Zalman ya raka shi filin jirgi ya ɗaga masa hannu. Ya kai ashirin da takwas, ƙafar mai wannan tsere kuwa ba ta jiran kowa.

Ana nan sai wasiƙa ta zo daga Tel Aviv ta Isra'ila. Suna neman ɗan tsere. Ba su da ko da'irar da zai yi atisaye, sun ce ya yi zamansa a Melbourne, abin da suke so kawai ya karɓi fasfonsu ya sa rigarsu. Mako uku wasiƙar na aljihunsa. Ran wata Juma'a, suna kan tebur, ya fitar da ita ya karanta.

Motl ya ajiye cokali a hankali. "Mene ne Ostareliya ta yi maka?"

"Ba ta yi mini komai ba, Tate. Kujera ɗaya ce, Terry na kai."

"To ka kayar da shi."

"Shekara tara ina gwadawa! Kai kake riƙe ni, ka gani da idonka."

"Na gani. Na kuma ga ƙasa goma sha ɗaya da suka duba takardata suka rufe taga. Wannan ce ta buɗe. Ba ta tambaye ni gudun da nake yi a mita ɗari biyu ba."

"Ba barin gari zan yi ba. Riga ce kawai."

"Riga ce kawai!" Motl ya juya wajen matarsa. "Bluma, kin ji ɗan tela? Wai riga ce kawai."

"Motl, miya na hucewa."

"Ta huce. Zalmele, ka saurare ni da kyau, ba zan maimaita ba. Kai baligi ne, ka yi abin da ka ga dama. Amma wannan rigar allurata ba za ta taɓa ta ba. Kuma in ka sa ta, ka nemi mai riƙe ka."

Zalman ya sa hannu a takardar. Ba zan ce ya yi daidai ba, ba kuma zan ce ya yi laifi ba. Wanda bai taɓa zama na biyu shekara tara ba, bai da bakin magana a nan.

Doka ta ce wanda ya sauya ƙasa sai ya zauna jira kafin ya yi wa sabuwar tsere. Ya jira, ya yi ta atisaye shi kaɗai da sassafe kafin ya wuce aiki. Gasar ta matso, siyasar manya ta shigo, sabuwar ƙasarsa ta ce a wannan karon 'yan wasanta ba za su je ba. Tsohuwar ta je. Kuma saura wata biyu a tafi Terry ya faɗi ya karya ƙashin kafaɗa, aka ɗauki na uku, mutumin da bai taɓa ganin komai na Zalman ba sai bayansa. Ba tsuntsu ba tarko. Duk titin Acland an yi ta jiran Motl ya buga tebur ya ce ai na faɗa. Bai ce ba. Ya sha shayinsa ya tashi, kuma wannan shirun ya fi yi wa Zalman ciwo.

Haka suka yi shekara biyar. Ba gaba suke yi ba. Duk Juma'a Zalman na zuwa cin abinci, a yi zancen ruwan sama da tsadar yadi, a miƙa wa juna gishiri. Keke kam ba a ambatonsa, kamar an yi mutuwa a gidan. Ya je wasu gasa a Turai da rigar shuɗi da fari, ya ci wasu ya faɗi wasu. Rigar ta iso ta gidan waya, an yanka ta don wani mutum daban, faɗi ya yi yawa, tana kaɗawa a bayansa. Garin cike yake da teloli Yahudawa, amma da ya kai wa ɗaya daga cikinsu, kafin la'asar labari ya kai kunnen Motl, wannan kuwa mari ne a bainar jama'a. Sai ya riƙa tattare ta da fil. A bakin layi duk wanda ya samu shi ke riƙe shi, yau makaniki, gobe wani baƙo. Kowane lokaci sai ya kasa kunne ko zai ji ƙas ɗin nan, ya san sarai ba zai ji ba.

Yana da talatin da uku gwiwa ta ce ta gaji. Ya sa ranar tserensa na ƙarshe, wata Asabar cikin zafin Janairun Ostareliya, a da'irar da ya fara, a wani taro da aka gayyato baƙi daga ƙasashen waje. Bai gaya wa uban ba, uwar ya gaya wa. Abin da ya faru a gida daga baya muka ji daga bakin Bluma.

"Na rantse," in ji Motl.

Bluma ta ce, "Ka rantse ba za ka ɗinka ba, ka rantse ba za ka riƙe ba. Ina wurin, na ji. Yaushe ka rantse ba za ka zauna ba? Sa takalmi. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar."

Da Zalman ya fito ɗumama jiki ya ɗaga kai, can a layin ƙarshe na kujeru ya hango malafar da ya sani. Fuskar ba ta ganuwa, jaridar Yidish a buɗe ta rufe ta. Ya yi zagaye biyu bai san ya yi ba.

Terry, wanda ya riga ya ajiye tsere, shi ya riƙe shi ranar. "Mutumina, tsoho ya zo fa," ya ce masa a kunne. "Jarida ya zo karantawa a rana, ka ga ɗan boko."

Zalman ya kai karawar ƙarshe da wani saurayi ɗan Italiya. Wanda ya ci biyu cikin uku shi ne gwani. Ya ci na farko, yaron ya rama. A na uku, suna kan kwanar ƙarshe, taya ta goga taya. Zalman ya tashi sama ya dawo kan siminti da kafaɗa, ya yi ta jan ƙasa har gindin da'irar. Alƙalai suka ce ba laifin kowa ba ne, za a sake in zai iya, sun ba shi minti goma sha biyar.

Aka kwantar da shi a kan benci a tsakiyar fili. Ƙashi bai karye ba, fata ce ta sale daga kafaɗa zuwa ƙugu, rigar kuma ta yage tun daga wuya. Mai ba da agaji ya wanke ciwon, ya lulluɓe shi da farin tawul daga ƙirji zuwa ƙafa saboda rana. Zalman ya rufe ido, kansa na juyawa. Matar Terry, Maureen, mace mai kirki wadda ba ta rabuwa da allura a jaka, ta durƙusa gefensa ta ce, "Kwanta abinka, kada ka motsa, yanzu zan haɗe maka ita." Ta fara ɗinki. Ina ita ina sanin zancen zare? Shi kuwa da ya sani, hankalinsa ba ya jikinsa.

Ku dubi abin da mutum zai gani daga layin ƙarshe na kujeru: ɗansa a miƙe, ido a rufe, farin ƙyalle lulluɓe da shi, mace na ɗinka masa tufa a jiki, bakinsa shiru.

Ihun da aka ji bai yi kama da na tsoho ɗan saba'in da ɗaya ba. Da Yidish ya fito, don a irin wannan lokaci Turancinsa guduwa yake yi. "Tsaya! Kada ki ɗinka! Yana da rai!" Jarida ta watse. Motl ya gangaro matakala yana ture gwiwoyin mutane, malafa ta faɗi bai waiwaya ba, ya tsallake shinge, ya ratsa da'irar da aka hana kowa takawa. Wani alƙali ya tare shi, Terry ya ce, "Ƙyale shi, ubansa ne."

Ya iso yana haki. Ya fizgi zare daga gefen tawul ɗin, ya tura shi tsakanin leɓɓan ɗansa.

"Tauna. Tauna, na ce!"

Zalman ya buɗe ido ya ga fuskar uban dab da tasa, fari fat, ba jini. Ya tauna. Motl ya tsaya yana kallon muƙamuƙin na motsi, ya daɗe yana kallo. Sannan ya juya ga Maureen, wadda ta daskare da allura a hannu.

"Yi haƙuri, 'yata. Ba laifinki. Ba ni nan."

Ya laluba aljihu ya fito da ƙarfen yatsa. "Tashi zaune. Ba na ɗinka wa na kwance." Ya haɗe yagar cikin minti uku. Da ya gama bai datse zaren ba. Ya kama rigar ta gefe ya ja, ya ga yadin da ya yi saura ya kai tafin hannu, ya ga fil ɗin da suka yi tsatsa da gumi.

"Wane maƙiyinka ne ya yanka wannan? Shekara biyar kana yawo a duniya cikin buhun dankali, ana cewa ɗan Motl Rotblat ne?"

"Tate, ka ce allurarka..."

"Na san abin da na ce. Ba ƙasa nake ɗinkawa ba, yaga nake ɗinkawa. Ɗaga hannu."

Ya cire fil ɗin ɗaya bayan ɗaya yana zubarwa, ya tattare gefen dama da manyan ɗinki na wucin gadi, ya koma na hagu. Yana tsakiyar hammata aka buga ƙararrawa.

Zalman ya hau, aka ɗaure masa ƙafafu, Terry ya tura shi zuwa bakin layi. Bai waiwaya ba. Mutumin da duk sana'arsa kallon baya ce ta kafaɗa, ranar tsoron waiwaye ya kama shi. Ya ji babban hannun Terry ya bar sirdin, keken ya ɗan karkata. Sai ya ji ƙas.

"Ina nan."

Hawaye suka cika masa ido har layin da ke gabansa ya zama biyu. Aka busa. Ɗan Italiya ya fara rarrafawa. Zalman ya danna feda, keke bai motsa ba.

"Malam Rotblat," alƙali ya ce a hankali, "an busa. Sake shi."

"Na ji," in ji Motl. Bai saki ba. Ya ƙara numfashi ɗaya, biyu, kafin yatsun su buɗe.

Zalman ya faɗi tseren da faɗin taya, kamar yadda ya saba. Mutane suka miƙe suna tafi. Da ya dawo tsakiyar fili ya sami uban zaune a kan bencin, Bluma na kakkaɓe masa malafa tana masa faɗa a kan tsallake shinge. Sai a lokacin ya ji har yanzu zaren na bakinsa.

"Tate, in tofar?"

Motl ya dubi hammatar hagu, inda zare ke lilo. "Ka ga na gama? Ɗinkin wucin gadi ne. Ka kawo ta gida in yi mata na kirki."

Ya kai ta ran Lahadi. Motl ya juya ta, ya ce hasken yau ba kyau, ya dawo da ita wani makon, tunda ya zo kuma ya zauna ya ba shi labarin yadda aka yi yaron nan ya wuce shi a kwana. Wani makon ya ce idonsa na ruwa. Na gaba ya ce ba shi da shuɗin zare irin wanda ya dace. Tela guda, mai akwatin zare uku! Shekara uku suna haka, duk Lahadi Zalman na zuwa da riga a jaka, su sha shayi da lemon tsami, su yi ta zancen kekuna har Bluma ta kore su daga tebur. Zancen ƙasa ba su taɓa daidaitawa ba. Takardar nan ta gilashi tana inda take, yana goge ta kullum.

Motl ya rasu cikin sanyin Yuli, da hantsi, a kan kujerarsa. 'Yan jana'iza suka shiga da farin likkafani da allura suka rufe ƙofa. Zalman na zaune a waje. Ya san abin da ake yi a ciki, ya kuma san ba wanda zai sa wa uban zare a baki. Ya sunkuya ya ciro ɗaya daga bakin rigarsa ya sa a nasa.

Rigar shuɗi da fari tana rataye a shagon har yau, bayan tayoyi, da manyan ɗinkin a gefe da zaren da ke lilo a hammata. Wata rana Terry, da shi ma gashinsa ya yi fari, ya zo hira ya ga yana ta tauna, ya ce, "Kai don Allah, shekara nawa ke nan? Ba ka gaji ba?"

Zalman bai ɗago daga tayar da yake ɗaurewa ba.

"Tela bai ce in tofar ba," ya ce.